Yadda Yaya ya zaɓar mini lauya

Mijina ya rasu ya bar mini yara huɗu da gona ɗaya, arewa da Kanan-Bakashe. Ba a daɗe ba ɗan wansa ya tumɓuke gambar da aka dasa a kan iyaka, ya ce gonar ta kakansa ce. Muka je gaban maigari, muka je gaban sarki, ba a daidaita ba. Magana ta tafi gidan shari'a a Mayahi. Aka ce in nemi lauya, don shi ma zai ɗauka.

Ni ban taɓa ganin lauya ba. Ƙanena mai kabu-kabu a Maraɗi ya zo ran kasuwa da salularsa. Ya ce yanzu an zuba lauyoyi masu izinin aiki a ciki, kowa da hotonsa, a ƙarƙashi kuma an rubuta irin shari'ar da ya saba. Wai don talaka ya zaɓa ido buɗe.

Aka shimfiɗa tabarma a zauren Yaya, babban wanmu. Maza suka cika. Ni mai gonar ina tsugune a bakin ƙofa. Yaya dillalin shanu ne, shi ya karɓe salular.

"Turo na gaba. Wanga ya rame. Wanda bai ci da kansa ba, mi za shi ci mana?"

Ƙanena ya ce, "Yaya, bari in karanta maka abin da aka rubuta."

"Kai, riƙe karatunka. Na tsufa a kasuwar Tasawa, ka taɓa ganin na tambayi sa takarda?"

Zaure ya kwashe da dariya. Haka suka bi mutane ɗaya bayan ɗaya. Wannan idonsa na tsoro ne, wancan bai da kafaɗa. Saura kaɗan su ce a buɗe musu baki su duba haƙora. Sai aka zo kan wani ƙato.

"Tsaya nan! Dubi wuya. Wanga in ya yi tari alƙali sai ya gyara zama."

Ƙanena ya ce an rubuta aikinsa rigimar motocin kaya ne da ƴan duwan, masu karɓar kuɗin fito. Ya ce akwai wata da aka wuce a baya, ita gona da gado take yi.

Yaya ya ce, "Mace? Mu shiga Mayahi a ce mace ta yi ma gidanmu magana?"

Na ce, "Yaya, ai gonar ma a hannun mace take."

"Ke, shiga ciki."

Na koma bayan ƙofa ina leƙe. Aka kira ƙaton a salular. Ba zan yi masa ƙarya ba, da bakinsa ya ce shari'ar gona ba hanyarsa ba ce, mu nemi wani. Yaya ya rufe salular da tafi, ya kashe ido, ya ce, "Jan ciniki ne. Duk mai kaya mai kyau haka yake farawa." Ya yi ta roƙo yana ƙari, har mutumin ya gaji ya yarda. San nomana aka sayar aka biya shi.

Ranar shari'a na ga wata siririya cikin baƙar riga tsaye kusa da ɗan wan mijina. Ƙanena ya taɓa ni, ya ce ita ce lauyar da aka wuce a salula. Ashe can gidan an bar mai karatu ya yi karatu. Ta riga ta je gonar, ta taka ta da ƙafarta, ta zauna da tsofaffin maƙwabta. Namu kuwa a tsakar gidan shari'ar ya ja ni gefe yana share zufa, ya ce, "Hajiya, wai gambar nan da ake ta faɗi, itace ne ko ciyawa?"

Nan na san an gama.

Aka ba su gefen kwari, inda gero ke tsayawa ko ruwa ya yi ƙaranci. Ni aka bar mini tudun rairayi.

A motar komawa Yaya ya ce, "Rabo ne, ƙanwata. Amma kin ga yadda ya cika riga?" Har yau a tasha yana ba da labarin ya taɓa ɗaukar lauyan da ya fi kowa girma a Mayahi, ana jinjina masa.

Tudun nake nomawa. Wake yana yi, gero sai an yi sa'a. Rumbu ba ya kai mu bazara, shi ya sa manyan yaran biyu suka tafi Agadas neman abinci. Ƙananan suna nan tare da ni.