Manajan Babban Yatsa

A ɗakin jira na shagon taya a garin Toledo, mutumin da ke gabana ya mamaye kujera biyu, ɗaya tasa, ɗaya ta ƙafarsa mai ciwon gwiwa. Ya ba sittin baya, furfura har gira. Sunansa Duane, an ɗinka shi a ƙirjin rigar wata masana'anta da ta zubar da tsofaffin ma'aikatanta bara. Idonsa na kan talabijin, inda Petrakis, wani tsoho mai jefa ƙwallo a wasan besbol, yake shan wuya.

Duane yana cikin masu ƙungiyar cikin waya. Sukan tattara sunayen 'yan wasa na gaske, abin da suka yi a fili ya zama makinsu. Wai shi manaja ne. Manajan uban wa?

Yana ta yi wa wani abokinsa ihu a waya: "Lonnie, ɗan iska, daina dariya! Petrakis ɗin nan shekara arba'in, hannu kamar dafaffiyar taliya. Yau zan kore shi, in ɗauko ɗanyen jini."

Petrakis yana murza gwiwar hannun da aka yi wa aiki. Duane ma yana murza tasa gwiwar, bai sani ba. Ina jin haka aka kira Duane ofis, wani sa'an ɗansa ya ce masa an gode, ya sallame shi. Ni ma haka aka yi mini a banki, shi ya sa jinina ke tafasa.

Ya kashe kiran, ya ɗaga babban yatsa a kan sunan tsohon a allon wayar, zai kore shi.

Na ce, "Malam, kai da aka kore ka, an bari ka gama wasan?"

Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "A'a."

Ya danna.