Bahon Bature da Ya Karya Min Cinya a Gumel

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara arba'in da 'yan kai ina riƙe da labarin nan a cikina, ko 'ya'yana ɗingishina kawai suka sani. Jiya na ga wata ƙawata ta sa hoton bahon wankan da ɗanta ya girka mata, ana ta yi mata barka. Na ce a'a, yau kam sai na yi magana.

Wajen ƙarshen shekarun 1970 ne. Maigidana Malam akawu ne a Gumel, aka ba shi gidan gwamnati da wani Bature mai haƙa rijiyoyi ya tashi daga ciki. Murna a wurina ba a magana! A banɗakin akwai wani dogon baho fari tas, an kafe shi da siminti, tsayinsa ya kusa gwiwata. Mata har daga Ɗanzomo suke zuwa kallo.

To amma wa zai kwanta cikin ruwan dauɗarsa ya ce ya yi wanka? Sai na yi dabarata. Na sa bokiti da 'yar kujerar tsuguno a cikin bahon, in haura in zauna in yi wankana irin na gida.

Surukata Inna tana tare da mu saboda ciwon gwiwa. Kullum sai na riƙe ta kafin ta tsallaka ciki, tana mita: "Ni da girmana ana ɗaga min ƙafa kamar jaririya."

Wata ranar Laraba da hantsi na miƙa hannu zan ɗauko soso, kujerar ta zame a kan kumfar sabulu. Cinyata ta daki bakin bahon. Na ji ƙas da kunnena.

Inna ce kaɗai a gida. Kun san me na yi? Shiru. Kunyar suruka ta gan ni ba zane ta fi min zafin ciwon. Na ja jiki na ɗaura zane, na ce targaɗe ne.

Kwana uku ina wannan ƙarya. Cinya ta kumbura suntum, zazzaɓi ya rufe ni. Aka ɗauko wani mai ɗori daga wajen Gagarawa, ya ja ƙafar, na suma.

Daga asibitin Gumel aka tura mu Kano ɗaukar hoto. Kowane rami motar ta faɗa sai na yi salati. Likita ya ɗaga hoton ya ce, "Baiwar Allah, ƙashin cinya ne ya rabu biyu. Ina kika tsaya har kwana uku?"



Aka rataye ƙafar da igiya da wani ƙarfe mai nauyi. Wata uku ina kwance rigingine. Da asuba awon zafin jiki, da hantsi allura, likita ya zagayo ya ƙwanƙwasa yatsuna ya wuce. Magani ba mu biya ba, amma zirga-zirgar mota da abinci sai da suka cinye ragon da Malam yake kiwo.

Na ji tsoro ƙwarai. Tsoron in tashi gurguwa, wai ina da shekara ashirin da biyu sai an ɗauke ni an kai banɗaki.

Kuma wa ya yi jinyata? Inna dai, wadda na ɓoye wa jikina. Da gwiwar tata take durƙusawa ta goge ni da tsumma da ruwan ɗumi. Ranar farko na rufe fuska ina kuka, ta ce, "Buɗe idonki 'yar nan. Kunyar nan ce ta kwantar da ke."

Ranar da aka kwance ƙafar aka ba ni sanduna, taku huɗu na yi. Huɗu! Matan ɗakin suka ɗau tafi, wata tsohuwa 'yar Maigatari ta rangaɗa guɗa har nas ta leƙo.

Da muka dawo gida Malam ya ce in leƙa banɗaki. Jama'a, babu baho! Ashe ya yi ta sintiri ofishin ayyuka har suka yarda suka ɗauke abinsu. Magini ya daidaita ƙasan da na tsakar ɗaki, ba tudu ba tsallake, ya bar simintin da kaushi don kada ya yi santsi. Ga dakalin zama a gefe, ga bututun ƙarfe a bango na riƙewa, ga shawa a sama tana jan ruwa daga tanki.

Na shiga da sandunana, na zauna, na murɗa famfo. Ruwa ya zubo min ta ka kamar yayyafin farkon damina. Ina dariya ina hawaye, Malam yana daga waje yana tambaya ko lafiya. Lafiya lau! Ni ce nake wanka da hannuna.

Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa likitan nan da nas-nas ɗin da ban ma riƙe sunayensu ba, ya jiƙan Malam, ya jiƙan Inna.

Shawarata gare ku: in akwai tsoho a gidanku, ku cire duk abin da sai an haura shi kafin a yi wanka. Ku sa wurin zama da abin riƙewa, ku guji tayil mai sheƙi. Wanda kuma ya faɗi ya yi ihu, ko wa ke gidan, a wuce asibiti a ranar.

Inna ta ƙara shekara tara a duniya. Kullum ita take shiga banɗakin nan da kanta, ta turo ƙofa, ta fito tana ƙamshin sabulu. Babu wanda ya taɓa yi mata wanka sai ranar da muka yi mata na ƙarshe.