Fartanyar da Na Ƙi Buga wa Shaida

Lokacin da abin nan ya faru, Turawa ba su daɗe da shigowa ƙasarmu ba, ni kuwa saurayi ne a Gumel, maƙeri ɗan maƙeri, ga ƙarfi ga rawar kai. Bahago ne ni, kuma na sha tsiya a kan haka tun ina ƙarami. Da Baba ya tsufa, idanunsa suka tafi, sai ya bar mini maƙera da gargaɗi guda: duk fartanyar da na gama, in buga mata shaidar gidanmu a wuya, zane uku kamar sawun zabo. Da ita manoma ke gane aikinmu daga Gagarawa har Maigatari, tun zamanin kakana.

Shekara guda na yi ina bin maganarsa. Da damina ta ƙarato aiki ya yi mini yawa, sai na ce a raina wa ke da lokacin zane-zane, ai aikina ya isa a gane shi ko daga nesa. Na daina. Ban gaya wa Baba ba, tunda ba gani yake yi ba. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Ba a yi wata biyu ba, ranar kasuwar Maigatari, wani dattijo manomi daga Ɗanzomo ya jefo mini karyayyar fartanya a gaban jama'a. Ya ce a Sule Tankarkar ya saye ta a hannun wani maƙeri, wanda ya rantse masa cewa ta gidanmu ce, mun dai daina sa shaida ne. Kwana uku ta yi a gona ta tsage kamar tsohuwar ƙwarya. Na ce ba aikina ba ne, ya ce in nuna masa bambanci. Na duba nawa da ke shimfiɗe a ƙasa, babu zane ko ɗaya. Mutane suka watse, ni kuwa na san sunan gidanmu ne na zubar da hannuna.

Magana ta kai gaban Sarkin Maƙera, aka kira ni da wancan maƙerin. Dole na durƙusa na gaya wa Baba gaskiya. Na zaci zai balbale ni da faɗa, sai kawai ya ce in miƙo masa sandarsa mu tafi. Can ya sa aka ba shi fartanya biyu, karyayyar da sabuwa tawa. Ya daɗe yana shafa kowacce da babban yatsa, sannan ya ɗaga karyayyar ya ce wannan mai hannun dama ne ya ƙera ta, ga yadda sawun masaba, wato gudumar ƙira, ya kwanta. Ya ce ni ɗansa kuwa bahago ne, shekara ashirin yana fama da hannun nan ya ƙi gyaruwa, ashe Allah ajiye masa shi ya yi don yau. Zaure ya kaure da dariya. Maƙera suka karɓa suka duba, suka ce haka ne, wancan maƙerin ya sunkuyar da kai ya amsa laifinsa. Ni dariya nake, hawaye na zuba.

A ranar Sarkin Maƙera ya sa kowannenmu ya buga shaidarsa a guntun ƙarfe gaban dattawa, ya ajiye su a wurinsa, ya hana kowa taɓa shaida ko sunan wani. Dattijon nan na Ɗanzomo bai tafi ba sai da ya sayi biyu, ya tsaya a kaina har na zana musu sawun zabo.

A hanyar gida Baba na dafe da kafaɗata, ya ce mini a hankali ba kullum zai kasance yana shafa mini fartanya ba. Wannan ita ce maganar da nake so masu sana'a su ji. Ku sa wa aikinku shaida, ku kai ta inda hukuma za ta san taku ce tun kafin rigima ta taso, kada gaggawa ta sa ku raina ta. Ni na ci sa'a ina da uba makaho mai gani da yatsa, ba kowa ke da irinsa ba.