Isyaku Mai Zane da Fuskar Shatu

Bana shekara ashirin da bakwai ke nan da muka kai Isyaku Mai Zane makwancinsa a Rogo. Na san yawancin masu karanta wannan shafi ba su taɓa jin sunansa ba, amma duk wanda ya yi firamare a ƙasar Karaye zamanin mulkin soja ya ga aikin hannunsa. Akuyar nan mai karyayyen ƙaho da ke littafin koyon karatu, da tsohon da ke gyangyaɗi a gindin tsamiya, shi ya zana su. Sunan marubuci kawai aka sa a bango. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Tare muka tashi a Karaye. Shi ya yi koyarwa kaɗan ya bari ya rungumi fensir, ni kuma na zama duba-gari. Aiki ya sake haɗa mu shekarar da ƙyanda ta yi wa ƙauyukanmu ɓarna, har masu haƙa kabari suka daina mayar da dagi gida. Ofishin lafiya na birni ya nemi hoton da za a liƙa a asibitoci da kasuwanni, don iyaye su gani su kai yara rigakafi. Isyaku aka ba aikin, shi kuwa ba ya zana abin da bai gani da idonsa ba. Na goya shi a babur muka nufi wata ruga bayan Ruwan Bago.

Maigidan, Buba, ya karɓe mu da fura. Da Isyaku ya yi masa bayani, sai ya ce in dai zai ceci 'ya'yan wasu, a yi. Muka tarar da matarsa Dudu a bakin bukka, ta rungume 'yarsu Shatu, wadda ba ta wuce shekara huɗu ba. Ƙurajen sun rufe ta, idanun sun kumbura. Isyaku ya durƙusa ya zana su yadda suke, har da zanen gado na fuskar uwar da ɗan kunnen azurfar yarinyar. Kafin kasuwar Rogo ta zagayo, Shatu ta rasu.

Bayan damina takardun suka iso daga maɗaba'a. Zanen ya fito tas, kai ka ce yarinyar za ta yi tari. Amma a ƙasansa wani ya ƙara manyan baƙaƙe da ba Isyaku ya rubuta ba: sakacin uwa ne ya jawo haka. Ni kuwa shaida ne, Dudu ta tako da ƙafa har asibitinmu da Shatu a baya tun kafin ciwon, aka ce allurar ta ƙare. Ta sake dawowa, aka ce ta lalace.

Dudu nono take kawowa kasuwar Rogo. Ranar da ta ga 'yarta a bangon tasha, tsayawa ta yi tana kallo, don ba ta iya boko ba. Wani fasinja, da kyakkyawar niyya, ya karanta mata. Nan ta bar ƙwaryar ta koma daji, ba ta sake taka kasuwar ba.

Ina zaune a shagon Isyaku Buba ya shigo. Ya gaishe mu cikin ladabi, ya tambayi iyali da gajiya, bai ɗaga murya ba.

"Malam," ya ce, "Allah ya karɓi abinsa, mun yi haƙuri. Kai kuma ka tono ta ka rataye a bango. Mata na nuna Dudu a bakin rijiya."

"Wallahi rubutun ba nawa ba ne, Malam Buba."

"Ban san mai rubutu ba. Kai na ba wa tabarma."

Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Isyaku ya je birni ya roƙi a janye takardun, aka ce an riga an raba. Sai ya hau kekensa yana bi tasha-tasha, asibiti-asibiti, daga Rogo Ruma har Karaye, yana ɓamɓarowa. Abin da ya tara ya haɗa da zanen farko ya ƙone a bayan shago. Aka kai ƙararsa, aka daina ba shi aiki. Ba a daɗe ba tsadar takarda ta sa masu buga littattafai suka koma maimaita tsofaffin hotuna, wannan ƙofar ma ta rufe.

Ya ƙarasa rayuwarsa yana yi wa motocin gyaɗa fenti, furanni da ganye da kalmomin haƙuri. Direbobi sun sha roƙonsa zaki ko ɗan dambe, ya ƙi. Warin fentin ya sa masa tari, tarin ya kwantar da shi. Ranar da na je duba shi da hantsi, ya kama hannuna ya ce, "Habu, malamai sun ce gobe kiyama za a ce mu busa wa abin da muka zana rai. Akuyar ba ta dame ni ba. Shatu nake tunani." Na ce masa Allah yana duba niyya.

Kwanakin baya wata bas ta kife a hanyar Karaye. Na ga matasa sun kewaye gawarwaki da wayoyi kafin a samu wanda zai yafa musu zane, kuma na ji an ce wata uwa a wayar maƙwabcinta ta fara ganin gawar ɗanta. Na tambayi kaina abin da Isyaku zai ce. Ina jin ba zai yi wa'azi ba, don ba halinsa ba ne. Zai dai tambaya ko an nemi izinin mai fuskar, ya kuma tambaya wa zai bi ya ɓamɓaro, tunda wannan bangon ba a zuwa masa da keke.

Me ya rage nasa? Littattafan gara ta ci, motocin an sayar wa 'yan gwangwan. Gaskiya ɗaya da ba zan ɓoye ba ita ce, kafin ya cire takardun nan, layin rigakafi ya yi tsawon da ban taɓa gani ba, kuma akwai magidanta a Rogo yau da wataƙila fuskar Shatu ce ta tsare su. Ban san yadda ake auna wannan da hawayen Dudu ba. Allah ne mai ma'auni.

Shekaru bayan rasuwarsa, ina dab da ritaya, wata dattijuwa ta kawo jikanta rigakafi. Zanen fuskarta na gane, Dudu ce. Muka gaisa, ta yi mini gaisuwar abokina, ta ce ta yafe masa tun Buba na raye. Har ta juya sai ta dawo ta rage murya.

"Malam, takardar nan, babu ko ɗaya da ta saura? A yanke rubutun. Fuskar ce ta fara ɓace mini."

Na ce zan duba. Na bi tsofaffin asibitoci da kabad-kabad na ofis, na tambayi matar Isyaku, na je har maɗaba'ar na tarar ta zama wurin ajiye siminti. Isyaku mutum ne da ba ya barin aiki rabi. Bai bar ko ɗaya ba.

Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Shatu, ya sa in sun haɗu ta gane shi da alheri.