Mai Leda a Bakin Shinge

Shekara ashirin da uku Mai Leda ya yi yana bin motar dare, wadda ke tashi bayan isha'i ta tsallaka iyaka kafin asuba. Aikinsa guda ne. In an kusa shingen iyakar, sai ya bi kujera-kujera yana tashin fasinjoji, ya tattara fasfonsu a baƙar leda, ya shige ofis a buga hatimi. Daga ledar nan ya samo sunan. In ya fito ba ya buɗewa ya duba hoto, fuska yake kallo ya miƙa wa kowa nasa, kuma bai taɓa kuskure ba.

Abin takaicin, shi kansa bai taɓa mallakar fasfo ba. Me zai yi da shi? Ma'aikatan ɓangarorin biyu sun san shi kamar yunwar cikinsu. Ɗakin hayarsa na bayan tasha a wannan ƙasa, matarsa da 'yarsu kuwa suna ƙetare, inda motar ke sauke mutane da hantsi. Matar ta yi magana har ta gaji.

"Malam, ka yi takardar nan mana."

"Fuskata ce takardata," in ji shi.

Rana ɗaya aka kwashe tsofaffin ma'aikatan aka zuba sababbi. Lokacin matar na kwance da ciwon zuciya, maganinta kuma a wannan ɓangaren kaɗai ake samunsa, shi yake kai mata. Sabon jami'in ya gama buga hatimi tsaf, sannan ya miƙo hannu.

"Baba, naka fa?"

Mai Leda ya yi dariya, ya shiga lissafo manyan da ya sani. Jami'in ya saurare shi da ladabi, ya ce ya yi haƙuri, ba shi da iko. Haka ya raba wa mutane fasfonsu, ya damƙa wa Dogo direba ƙullin maganin, ya tsaya yana kallon jajayen fitilun motar har suka ɓace.

Ya je ofishin fasfo, aka ce ya kawo takardar haihuwa. Ina zai samo ta, mutumin da aka haifa a bukkar gona dab da iyakar? Na nan suka ce shi ɗan can ne, na can suka aiko cewa ba su san da zamansa ba. Ya gwada bin 'yan babur ta daji, aka kama su, aka dawo da shi da gwiwa a kumbure.

Wata biyar ke nan. Yana bin motar har shingen, ya yi aikinsa, ya zauna a benci ya wuni, ya jira ta dawo. Tsoron kada matar ta tafi bai gan ta ba ya hana shi barci.

Daren Talata motar ta dawo, Dogo bai danna hon ɗin da ya saba ba. Ya sauko riƙe da ƙullin maganin jiya, ɗaurin yana nan yadda Mai Leda ya yi shi.

"'Yarka ta ce in maido maka. Ta yi ta neman wayarka, ba ta shiga a nan. Da la'asar aka kai mahaifiyarta makwanci, Baba."

Ya karɓi ƙullin, ya rasa inda zai ajiye shi. Fasinjoji sun farka, suna ta miƙo fasfo ta taga. Ya sa maganin a aljihu, ya buɗe ledar.