Shekarar da Yaya Ta Daina Kitso

Yaya ce ta rene ni. Innarmu ta rasu ina ƙarama, sai Yaya, wadda ta riga ta yi aure a wani ƙauye kusa da Garhanga, ta ɗauke ni ta haɗa da 'ya'yanta. Har yau Auta take ce mani, ko da yake na girma ina koyar da yara a lakwal, wato makarantar boko, a Buza.

Makitsiya ce. Duk amaryar da za a kai ɗaki a ƙauyenmu da ƙauyukan da ke bayan dutse, sai ta zauna tsakanin ƙafafun Yaya. Na tashi ina jin ƙamshin man shanu a tafin hannunta. Idan ta ja tsaga da tsinke, sai ka rantse da zare ta auna. Ba ta da yawan magana, amma tana kitso tana ɗan waƙa a maƙoshi, har yarinyar da ake wa kitson ta yi barci a cinyarta.

Wata ranar kasuwar Ibohaman suna dawowa a amalanken jaki, ita da wasu mata. A gangaren dutse wani babur ya wuce su da gudu, jakin ya tsorata, amalanken ya kife. Sauran matan ƙujewa kawai suka yi. Ita kuwa kanta ya bugu da dutse. Aka kai ta asibitin Kaita, daga can aka wuce da ita Tawa. Na same ta a kwance, an aske gefen kanta an ɗinke, ba ta san wanda ke kanta ba. Da ta farfaɗo bayan kwanaki, ta dube ni ta ce, "Auta, gishirin da na sayo ya zube?" Na yi dariya, na yi kuka. Muka ce Allah ya kiyaye, wahala ta wuce.

Ta koma gida, ciwon ya warke, gashi ya fara rufe tabon. Sai da na zo hutun makaranta na ga abin da ya rage.

Wata maƙwabciya ta kawo ɗiyarta kitso. Yaya ta zaunar da yarinyar, ta tsefe kan, ta ɗauki tsinke. Na ga ta matso da fuska, ta ja baya, ta sake matsowa. Sai ta runtse ido ɗaya. Tsagar ta tafi a karkace. Ta gyara, ta sake karkacewa. Ba a kai rabin kan ba gumi ya jiƙa mata wuya, ta ajiye tsinken ta dafe goshi.

"Bari mu dawo gobe in kin huta," in ji maƙwabciyar. Ta ɗaura wa yarinyar kallabi suka fita. Ba su dawo ba.

Na ce, "Yaya, mi ke damunki?"

Ta ce, "Komi na kusa biyu nike ganin shi. Tsaga biyu, hannuna biyu. Ban san wadda za ni bi ba. In na dage, sai kaina ya yi kamar za shi tsage."

Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne ba a yarda da ita ba. Idanunta garau suke, babu ja, babu yana. Tana tsaye a ƙofar gida za ta gaya maka wane ne ke saukowa daga kan tudu tun kafin kowa ya gane shi. Sai mata suka riƙa cewa, mai ganin mutum a kan tudu ta ce ba ta ganin kai a cinyarta? Wasu suka ce iska ce ta shafe ta a gangaren. Wasu suka ce ta gaji da sana'ar ne take neman hanyar bari. Mijinta mutum ne mai haƙuri. Ya karɓo mata rubutu, ya sayo mata tabarau a kasuwa, ba abin da ya sake. Wata rana na ji ya ce mata a hankali, "Ki dai ƙara ƙoƙari." Ita kuwa ta ci gaba da tsince wake da lalube, tsakuwa na wucewa ta tsakanin yatsunta.

Na mayar da ita Tawa wurin likitan ido. Ya auna kowane ido shi kaɗai, ya ce duka biyun lafiyarsu lau, matsalar daga bugun da ƙwaƙwalwa ta sha ne. Ya tura mu Yamai, wurin wata likita da ke koya wa idanu aiki bayan irin wannan rauni. Da rani ya yi, aikin gona ya ƙare, muka hau mota. Muka sauka gidan wata 'yar'uwar babanmu.

Likitar yarinya ce, ba ta kai ni shekaru ba, kuma 'yar Madawa ce, sai Yaya ta saki jiki da ta ji harshen gida. Ta riƙe alƙalami nesa da fuskar Yaya, tana matso da shi sannu a hankali.

"Inna, in ya zama biyu ki hwaɗa mani."

Alƙalamin bai ko kusanto ba Yaya ta ce, "Ya rabu."

"Na gani," in ji likitar. "Idonki na hagu ya saki, ya koma gefe. Kin san shanun huɗa? Kowane sa lafiya lau, amma in ba su ja tare ba, kunya ba ta miƙewa. In abu na nesa, idanunki suna tahiya tare. In ya matso, ya kamata su juyo ciki su haɗu a kanshi, to nan ne suke kasawa."

Yaya ta juyo ta dube ni. "Kin ji ko? Ita ta gani." Daga nan ta sa bakin mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Likitar ta bar ta har ta gama.

Sai ta ɗauko wata na'ura kamar ƙaramin akwati mai madauri, wadda ake ɗaurawa a fuska ta rufe idanu ruf. Ta ce a ciki kowane ido da nasa hoton, sai ƙwaƙwalwa ta koyi haɗa su su zama ɗaya. Amma madaurin ba zai zauna ba sai an cire kallabi.

Yaya ta riƙe kallabinta da hannu biyu. "A'a."

Na ce, "Yaya, mu kaɗai ne, duk mata."

Da ƙyar ta kwance. Sai a lokacin na gane dalili. Tun da nake ban taɓa ganin kanta ba kitso ba. Yanzu ga shi a cukurkuɗe, ya daɗe bai ga mataji ba. Ta kasa yi wa kanta, kuma ta ƙi zama gaban wata. Likitar ta gyara madaurin ta ɗaura mata.

"Wayyo! Ina nike?" Yaya ta miƙa hannu tana lalube. Na kama hannun.

"Kina kan kujera, ga ni nan."

A allon da ke kan tebur muna ganin abin da take gani: wani fili kore, da jar ƙwallo tana tahowa a hankali. Aikinta shi ne ta riƙe ƙwallon da ido ta zama ɗaya, in ta rabu ta danna wani abu da aka sa mata a hannu, sai ƙwallon ta koma baya ta sake tahowa. Ranar farko ba ta jima ba jiri ya ɗebe ta, ta yi amai. A hanyar gida ta ce ita ba ta ƙara sa kanta cikin wanga akwati. Da ranar komawa ta zo, ita ta riga ni shiri.

Haka muka riƙa zuwa. Sannu sannu ƙwallon ta riƙa matsowa kusa kafin ta rabu. Yaya ta fara yi mata faɗa kamar akuya. "Tsaya nan, 'yar nema! Kada ki rabu!" Likitar na dariya. A cikin motar haya kuwa sai ta riƙa kallon kawunan matan Yamai tana taɓa ni da gwiwar hannu. "Dubi wancan. An ja mata gashi har goshi ya ɗaga, ba ta kai sati za shi tsinke." Na ji daɗi, don na daɗe ban ji ta yi maganar kitso ba.

Wata safiya a tsakar gida ta ari allura ta zura zare da kanta, ido biyu a buɗe. Ta ɗaga ta nuna wa kowa, har da mai tallar ƙosai da ta shigo.

Amma daga nan abin ya tsaya. Ƙwallon ta kai wani wuri ta ƙi wucewa. Yaya na iya duban abu na kusa na ɗan lokaci, sai kan ya ɗauki ciwo, komai ya sake rabuwa. Likitar ba ta ɓoye mana ba. Ta ce wasu suna warkewa sarai, wasu suna samun sauƙi kawai, ba ta da tabbacin inda Yaya za ta tsaya, amma tana so mu ƙara zama. Ana cikin haka mijin Yaya ya kira a waya ya ce an yi ruwan shuka. Ni ma izinin da na ɗauka a lakwal ya ƙare. Yaya ta ce, "Gida ba kowa sai yara. Mu tahi."

Likitar ta ba ta wani dogon zare da duwatsun ado a jikinsa, ta nuna mata yadda za ta ɗaure bakinsa a ƙofa, ta riƙe ɗaya bakin a kan hanci, tana duban duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Yaya ta yi ta yi da damina. Amma wanda ya wuni a gona ya dawo ya yi daka, da wane ƙarfi zai zauna kallon zare? Kafin kaka ta rage, daga baya ta bari. Matan ƙauye kuwa sun riga sun koma wurin wata makitsiya, wadda a hannun Yaya ta koyi sana'ar.

Da aka zo auren babbar ɗiyarta, ta ce ita za ta yi wa amarya kitso. Ta zaunar da ita, ta shafa man shanu, ta fara daga goshi. Layukan farko suka fito a miƙe, sirara, kamar da. Mata suka yi guɗa. Sai na ga hannunta ya fara jinkiri, idon hagu na runtsewa. Ta tsaya, ta ɗora tafin hannu a kan ɗiyarta ta daɗe. Amaryar ta ce, "Inna, ki huta, ina jira. Ko gobe ne."

"Gobe ake kai ki," in ji Yaya. Ta aika aka kira waccan makitsiyar. Da ta zo, Yaya ta tashi ta ba ta wurin zama, ta miƙa mata tsinken. Matar ta karɓa da hannu biyu, kanta a sunkuye. Yaya ta ce, "Bi inda na hwara. Kada ki ja mata da ƙarhi, kanta ba shi son ja." Ta fita wurin masu girki, ba ta sake shigowa ɗakin ba har aka gama.

Bayan biki ta raka ni bakin hanya inda ake jiran motar Buza. Na ce mata idan rani ya yi za mu koma Yamai, na riga na yi magana da likitar.

Ta girgiza kai. "Ki gaishe ta, yarinyar kirki ce. Ina tsince wakena yanzu, ina ɗinke rigar yara. Abin da Allah ya maido, na gode. Amma kada ki ƙara sa mani rai, Auta. Sa rai ɗin ya hi ciwon kan wuya."

Na ce to. Motar ta zo na shiga, Yaya ta ɗora mani ƙullin gero a cinya ta taga, ta juya ta nufi gida.