Giwan Ruwan da Na Saka a Tafkin Jabi

Malam Bawa ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsaye a kicin ina jiran ruwa ya tafasa. Yayata ce ta kira daga Gesse, can Birnin Kebbi. Ko gaisawa ba mu yi ba ta ce, "Hadiza, malaminku na firamare, na Argungu. Bayan asuba." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kafin in sauke butar, guruf ɗin 'yan ajinmu ya cika. Kowa ya sa hoton nan guda da muke da shi, wanda Malam ya ɗaure fuska kamar mai hoton ya zage shi. Kowa ya rubuta uba ne a gare mu. Ni ma na rubuta, na goge. Sau uku.

Ba don ba gaskiya ba ne. Akwai wani laifi nawa da Malam ya ɗora wa kansa a gaban makaranta guda, na kuma zuba ido ya tafi da shi. Yau zan karɓi abina.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ya koyar da mu Soshiyal a aji biyar da shida. Bakabe ne, ɗan masunta. Ko alli ya riƙe sai ka ga kamar raga zai ja.

Ranar da silifas ɗina ya tsinke a hanyar makaranta, shi ya tsuguna ya ɗinke mini da zaren kamun kifi. Takalmin ya mutu, ɗinkin bai mutu ba.

Da damina na taɓa faɗawa ruwa da jakata. Ya karɓi littattafan, ya shanya su shafi-shafi a kan bencin ofis, ya danne da duwatsu. Bai gaya wa Babana ba.

Lauya yake kirana, saboda gardama.

Yana da doka guda a aji. In ka kawo magana sai ya tambaye ka, "Gani ka yi, ko an ce?" In gani ka yi, ya rubuta a allo da sunanka. In an ce ne, ya rubuta da ƙananan baƙi can gefe. Shi ma bai tsallake dokar ba. Kogin Rima, fadamun Augie, kasuwar albasa, duk "na gani" ne. Abuja kuwa "an ce", domin bai taɓa zuwa ba.

Abujar Malam a kalanda take. Wata tsohuwar kalanda ta mai sayar da taki, shekararta ta wuce tun ba a haifi wasunmu ba. Kowane wata da hotonsa: Masallacin Ƙasa da ƙubbarsa mai ruwan zinare, babban cocin ƙasa, Dutsen Aso, Dutsen Zuma, ƙofar gari, tafkin Jabi. Sai ya nuna Dutsen Zuma da bulala ya ce, "Wanga dutsi, an ce huskar mutum gare shi. Ni ban gani ba. In Allah ya kai ɗayanku, ya komo ya hwaɗa muna."

Allah ya kai ni. Na gama jami'a, na ƙara digiri, na sami aiki a Abuja.

Abujata kuwa ga ta: gida, ofis, kanti, gidan biki. Masallacin Ƙasa na san shi sosai, ta gilashin mota, a gosulo, ina duba waya. Yawon ganin gari na ɗauke shi aikin baƙi da masu sabon aure. Mu 'yan gari mun wuce wannan.

Zuwana gida na farko na kai masa tsaraba. Ya sa aka yi mini shimfiɗa a zaure, ya shiga ciki ya fito da kalandar, ya baje ta a tsakaninmu.

"To Lauya, yau dai mun sami wadda ta gani."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ina amsawa. Masallaci, na gani. Dutse, na gani. Rabin gaskiya ce, ta wuce ba gardama. Sai ya ɗora yatsa a kan tafkin.

"Ruwan ga hwa? Wane irin kihi ke ciki?"

Duk duniya ba mai yin wannan tambayar sai mutumin Argungu. Wani zai tambayi wurin cin abinci, wani wurin hoto. Malam kifi ya tambaya, domin a wurinsa ba ka san gari ba sai ka san ruwansa.

Ban taɓa zuwa bakin tafkin ba. "Ban sani ba" kalma uku ce, kuma shi da kansa ya koya mini ba abin kunya ba ce. Amma ga ni da digiri biyu, makullin mota a hannu, matarsa Inna Kulu tana jin mu ta bayan labule.

Na ce, "Har giwan ruwa akwai, Malam."

Giwan ruwa, babban kifin nan da in mutum ya fito da shi ranar bikinmu na kamun kifi sai garin ya ɗauki sunansa.

Malam ya gyara zama. "Gani kika yi?"

"A gabana aka fito da ɗaya. Ya kusa tsayina."

Wannan ƙarin ba wanda ya roƙe ni shi. Kyauta na ba da.

Ya jinjina kai ya ce, "Allahu akbar. Ashe Abuja ma gari ce." Ya ciro biro ya rubuta a ƙasan hoton: Akwai giwan ruwa. Hadiza ta gani.

Shekara shida yana koyar da wannan. 'Ya'yan ƙanen Babana sun zo gida da shi a littafinsu, da sunana. Da aka nuna mini dariya na yi. Har na ba abokan aikina labarin a wurin cin abincin rana, muka yi dariya tare. Na iya ba da labari, kun sani.

Bayan ya yi ritaya idonsa ya fara yana. Aka turo shi ganin likita a Abuja, ya sauka a gidana. Likita ya ce a yi haƙuri, abin ya yi nisa. Da muka fito Malam ya ce, "Gobe ina da wuni guda, kuma ido bai gama tahiya ba. Ki kai ni kalandata."

Washegari na kunna taswirar waya, tun daga ƙofar gida. Muryar nan ta mace ta fara: yi dama, yi hagu. Malam ya saurara, ya saurara.

"Wagga baiwar Allah, 'yar garin ce?"

Na ce saboda gosulo ne nake sa ta.

"To, a gaishe ta. Ta san hanya."

A Masallacin Ƙasa ya tsaya a fili ya ɗaga kai, ya ƙirga hasumiyoyin da yatsa, huɗu cif, ya yi murmushi kamar ya ci jarrabawa. Ya shafa bango. Ya shiga ya yi nafila. Ni kuma sai da na tambayi wata mata inda ɓangaren mata yake, a hankali, don kada ya ji. Daga nan na nuna masa cocin. Ya daɗe yana kallo, ya ce Madam Rifkatu, wadda suka koyar tare, ta taɓa ce masa ta shiga ciki, zai gaya mata shi ma ya gani. Dutsen Aso daga titi muka hango shi. Ya ce ya fi na kalanda kwarjini.

Sai tafkin.

Mutane suna hoto, suna shan sanyi. Malam ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya sauka bakin ruwa. Ya ɗebo da tafin hannu ya shinshina. Can ya hango wani dattijo yana ɗaure kwalekwale, ya nufe shi, ya yi sallama irin ta masunta, ya tambayi ruwa kafin ya tambayi iyali. Ina tsaye a bayansu riƙe da takalminsa, na san abin da ke tafe.

"Yaushe rabonku da giwan ruwa?"

Mutumin ya yi dariya. "Giwan ruwa, Baba? A nan? Gashina a bakin ruwan nan ya yi fari, ban taɓa gani ba. Karfasa dai da tarwaɗa, su ma sai an wahala."

Malam ya ce, "To. Allah ya ba da sa'a."

Bai waiwayo ya dube ni ba. Ya karɓi takalminsa, ya ce na gode. A mota na jira ya ɗauko maganar. Na shirya amsoshi uku, duk masu kyau, ai ba banza ake ce mini Lauya ba. Abin da ya ce kawai shi ne in rage esi, sanyi ya yi masa yawa.

Sauran labarin daga bakin Madam Rifkatu na ji shi, a wani taron suna a Nassarawa. Ta ce da ya koma, Litinin ta farko, ya sa aka riƙe hannunsa zuwa makaranta, ya roƙi hedimasta minti biyu a asambuli. Mutum mai ritaya, ba wanda ya kira shi. Ya ce wa yara da malamai akwai abin da ya koyar shekara shida ba daidai ba, babu giwan ruwa a tafkin Abuja, a gyara a littafi, a gaya wa yayye da suka wuce. Ya ce tsufa ne, ɗalibarsa ta faɗi wani abu, shi ya ji wani abu daban.

Madam ta ce wasu ƙananan malamai sun yi ta dariya. Suka sa masa suna Mai Giwan Abuja, sunan ya bi shi har kasuwa.

Ta ce, "Kin san Malam da ɗaukar ƙaramin abu da girma." Na ce wallahi kuwa.

Haɗuwarmu ta ƙarshe da babbar sallar bara ce. Ido ya tafi gaba ɗaya. Da muryata ya gane ni. Na je da niyyar faɗa masa gaskiya, har na maimaita kalmomin tun daga Birnin Kebbi. Muka yi hirar hanya, hirar shinkafa, hirar zafi. Inna Kulu ta kawo tuwo da miyar kifi. Sai na ce, "Malam, maganar kifin nan ta Abuja."

Ya ɗaga hannu. "Na gyara, Lauya. Ci tuwonki kar ya huce."

Na ci.

Kuma daɗi na ji. Na ji kamar an sauke mini kaya. Na cinye tuwon, na yaba miyar, na shiga mota ina ce wa kaina ai ya yafe, magana ta wuce. Ya buɗe mini ƙofa don kada in ji kunya, ni kuma na bi ta da gudu. Duk cikin labarin nan, wannan ne ba na iya dubawa.

Saboda haka, duk wanda ya zauna ajin Malam Bawa a shekarun nan, duk wanda ya tsaya a asambulin nan, da duk wanda ya taɓa kiransa da sunan nan ko da wasa: kunnen Malam lafiyarsa ƙalau. Abin da na faɗa shi ya ji. Ban je tafkin ba, ban ga kifi ba, ƙarya na yi masa a zaurensa. Ku tura wa waɗanda ba sa nan. Gobe zan tafi Argungu gaisuwa, zan kuma faɗa wa Inna Kulu da bakina, tunda a kunnenta aka yi.

Ya Allah, ga bawanka Bawa ya zo. Ka gafarta masa, ka yalwata masa kabari, ka mayar masa da ganinsa fiye da da, ka nuna masa ƙoramun Aljanna. Ka rufa masa asiri yadda ya rufa wa wadda ba ta cancanta ba. Ka ba Inna Kulu da 'ya'yansa haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta ya tsaya ya yi masa addu'a, ko Ƙulhuwallahu uku ce. Kada ku ce mini ba komai. Shi ma kusan haka ya ce.